Uwar Gara da Asalin Sarkin Tirtawana

Fataken teku ne suka zo da wannan hikaya, su kuwa in sun ƙara mata gishiri a hanya, wannan tsakaninsu da Allah. Sun ce can gabas mai nisa akwai wani tsibiri da ake kira Jawa. Duwatsunsa hayaƙi suke yi, gonakin shinkafarsa hawa-hawa suke kamar matakala, ruwan sama kuwa in ya kece sai ka ce ba shi da wani wurin zuwa. A wani zamani da ya shuɗe an yi wata ƙaramar daula a can mai suna Tirtawana, sarkinta Suradipa. Ba azzalumi ba ne. Ciwonsa ɗaya, yana son manya su ce da shi madalla, wannan ciwo kuwa ya kayar da sarakuna fiye da kibiya.

Mutanen ƙasar ba su san takarda ba. A ganyen giginya suke rubutu: a busar da ganyen, a zana baƙaƙe da tsinin wuƙa, a shafa baƙin tukunya don rubutun ya fito, a huda a zura zare. To, ganye ba ya jure damina talatin. Saboda haka kowane sarki sai ya sa an kwafe littafin asalin gidansu a sabon ganye, tsohon kuma a ƙone shi a zuba tokar a kogi. Duk abin da mai kwafi ya tsallake, ya tafi ke nan.

A shekarar da kwafi ya zagayo kan Suradipa, sai babbar daular gabas ta aiko cewa jakadunta na tafe don ƙulla amana, amma sai sun karanta asalinsa tukuna, domin su ba sa haɗa hannu da wanda jininsa ba na sarauta ba ne ta uwa da ta uba. Sarki ya ce wannan karon har a dutse za a sassaƙa asalin, a kafa a ƙofar fada. Sai waziri Gandara ya matso ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, layi ɗaya ne tak zai ɓata mana tafiya. Inda aka ce, 'Suradipa, wanda 'yar mai dafa gishiri ta bakin teku ta haifa.' A tsallake shi. Babbar sarauniya ce ta rene ka, ta rasu ba ta bar ɗa ba. A rubuta ka a ƙarƙashinta, wa zai yi musu?"

Maganar ba ƙarya ba ce, babu mai musu. Uwar sarki tana raye, tsohuwa, a wani ɗan ɗaki kusa da lambun bayan fada. Tun yana shekara uku aka ɗauke shi daga bayanta aka kai wa babbar sarauniya, kamar yadda al'adar fadar take. Kowa Uwar Lambu yake ce mata. Sarki yakan je ya gaishe ta ranar idin shekara, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya juyo.

Suradipa ya ce, "A yi hakan." Aka tsayar cewa gobe da hantsi mai sassaƙa zai fara, da yamma a ƙone tsohon ganye.

Baki ya yarda, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Da la'asar ya sallami fadawa, ya shiga ɗakin ajiyar ganyaye shi kaɗai, wai zai dubi layin nan sau ɗaya kafin wuta ta cinye shi. Ruwa na zuba a kan rufin ciyawa. Ɗakin na ƙamshin tsohon ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya zauna ya jingina da ginshiƙi, ganyen a cinyarsa, idanunsa suka yi nauyi. Tsakanin barci da farke sai ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a gindin ginshiƙin, ya duba, sai ga uwar gara, fara sol, kaurinta kamar babban yatsa, ta leƙo daga raminta tana kallonsa.

"Sannu da hutawa, sarki," in ji ta. "In ba ka son layin nan, ba ni in ci mana. Ya fi a ba wuta."

Abin mamaki, sarki bai razana ba. Ya ji kamar dama can sun saba hira. Ya ce, "Kaka, ke ma kin san karatu ne?"

"Da baki muke karatu. Shekara ɗari huɗu gidanmu na cin littattafan tsibirin nan, abin da kakata ta ci yana nan a harshena. Mu ba ma zaɓe. Sunan sarki da na bawansa duk ɗanɗanonsu ɗaya. Ku ne masu zaɓe, in an tambaye ku kuma ku ce gara ce ta ci. Mun gaji da ɗaukar laifin da ba namu ba. Ni dai tsoron da nake ji maka, kada ka yi irin ta Jalanidi sarkin Girimaya."

"Yaya ya yi?"

Uwar gara ta gyara kwanciya, ta ce, "To, saurara."

Labarin Sarki Jalanidi da Mutanen Tudu

Ta ce: Kafin a san da Tirtawana an yi birnin Girimaya, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a gindin wani dutse mai hayaƙi. Duk ruwan da shinkafarsu ke sha daga wani tafki yake gangarowa, can ƙwanƙolin dutsen, madatsar tafkin kuwa tana hannun mutanen tudu. Wani tsohon sarkin Girimaya ya taɓa auren 'yarsu mai suna Lastri, ta haifa masa magaji. Tun daga nan, duk shekara gab da shuka, dattawan tudu sukan sauko ba takalmi, su zauna can ƙarshen farfajiya, a karanta asalin sarki a gaban jama'a. Da sun ji an ce Lastri, sai babbansu ya miƙe ya ce, "'Ya'yan 'yarmu na jin ƙishi." Su koma su buɗe madatsa. Babu wata yarjejeniya tsakaninsu da fada sai wannan suna.

Aka yi sarki huɗu a haka, sai Jalanidi ya hau. Shi kuwa ƙyamar mutanen tudu yake yi, wai gwaza suke ci kuma ba su iya durƙuso ba. Da lokacin kwafi ya zo ya ce a cire Lastri, a sa wata gimbiya daga ƙetaren teku, wadda ko shi bai san inda aka samo ta ba.

A fadar akwai wani tsoho, Ki Sambu, mai wasan inuwa. Sana'arsa ita ce ya kafa farin ƙyalle, ya kunna fitila a baya, ya riƙa motsa mutum-mutumin fata yana ba da labari, masu kallo su ga inuwa tana tafiya tana magana. Da ya ji abin da aka shirya, sai ya rufe ƙofofin zaure da rana tsaka, ya kunna fitilarsa, ya roƙi sarki ya zauna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da bakin ba sarki shawara. Amma inuwa tana da wani labari, na yarima Purwaka da kaskon ruwa."

Jalanidi ya ce, "Mu gani."

Labarin Yarima Purwaka da Kaskon Ruwa

Ki Sambu ya ce: An yi wani yarima mai suna Purwaka, wanda kakarsa ta wajen uba maginiyar tukwane ce, ana ce mata Gemi. Wata rana ce dokin kakansa ya ji ƙishi, ya tsaya a rijiyar magina, ita ta ɗebo ruwa, daga nan aure ya ƙullu. Purwaka ya goge ta daga littafi, amma abin bai yi masa ba, don duk lokacin da ya ratsa kasuwa sai tsofaffin magina su ɗaga masa hannu suna murna, "Ga jikan Gemi!" Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya hau dutse wurin wata tsohuwa mai zaman kaɗaici a bakin tafki. Ya ce, "Na gyara littafi, duniya ta ƙi gyaruwa. Ki sa duniya ta zama yadda na rubuta."

Tsohuwa ta ɗebo ruwa a kasko ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Leƙa tukuna. Ba a sayen zane a ninke."

Ya leƙa. Sai ga kakansa matashi bisa doki, ga rijiyar magina, ga yarinya riƙe da guga. Dokin ya rage tafiya, ya kaɗa kunne, sai ya wuce abinsa. Ruwan kaskon ya motsa, shekaru suka shuɗe a cikinsa. Sarkin nan ya auri gimbiya kaɗai, ta haifi wani ɗa dabam, mai son jiragen ruwa. Ɗan ya tashi birnin daga gindin dutse ya mai da shi bakin teku. Purwaka ya ƙara sunkuyawa don ya gani da kyau, bai ankara ba ya tsinci kansa yana tafiya a cikin birnin.

Birni ne mai kyau, ya fi nasu nesa ba kusa ba. Jirage jere da filafilai ja da fari, ana kiɗan tagulla daga nesa, iska na ƙamshin kanumfari. Ya yi sallama ga masu gadin fada, ba wanda ya amsa. Ya shiga, ya duba fuskokin 'ya'yan sarki ɗaya bayan ɗaya yana neman tasa, bai gan ta ba. Ya fito ya bi gaɓar kogi, ƙishi na damunsa, har ya iske wata tsohuwa zaune cikin tukwane, jikoki sun kewaye ta suna ta dariya, mijinta masunci yana ɗinkin koma a gefe. Gemi ce. Ta yi ƙiba, ta yi kyan tsufa, babu alamar ta rasa komai a duniya.

Ita kaɗai ce ta gan shi. Ta kare ido da hannu ta ce, "Ɗan wa ne kai? Ka yi kama da wani da ban haifa ba."

Ya ce, "Kaka, ƙishi nake ji."

Ta ɗebo ruwa ta zuba masa a tafin hannu. Ruwan ya ratsa hannun ya zube ƙasa. Ta sake zubawa, ya sake ratsawa. Purwaka ya kurma ihu, tsohuwar tafki ta janye kaskon, sai ga shi durƙushe a bakin ruwa.

Ta ce, "Ka gani. Ƙasa ta zauna lafiya ba kai, Gemi ma ta zauna lafiya ba kai. Kai ne ba ka da inda za ka tsaya in ba ita. Har yanzu in gyara maka duniyar?"

Nan Ki Sambu ya hure fitila. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai sare reshen da yake zaune a kai, shi zai riga reshen isa ƙasa."

Uwar gara ta ce: Jalanidi ya yi dariya har da buga cinya, ya ba tsohon kyautar zane, ya ce tatsuniya ta yi daɗi. Aka kwafe, aka ƙone tsohon ganye. Ranar karatu dattawan tudu suka sauko, suka zauna inda suka saba. Aka karanta tun daga sarkin farko har aka zo kan Jalanidi. Suka yi ta jira. Da mai karatu ya ɗaure zarensa, babbansu ya tambaya a hankali, "An gama?"

Aka ce, "An gama."

Ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, "Ashe ɓatan gida muka yi. Ku yi mana gafara, ba mu da kowa a nan." Suka kakkaɓe zannuwansu suka hau dutse. Ba su zagi kowa ba, ba su kuma buɗe madatsa ba.

Shinkafa ta bushe a tsaye. Sarki ya tura mayaƙa, suka yi kwana tara suna zagaya dutse cikin gajimare ba su ga hanyar tafkin ba. Ya aika cewa an mai da sunan, dattawa suka amsa, "Sunan da aka cire don kunya, aka mayar don yunwa, ku riƙe abinku." Cikin shekara uku Girimaya ta watse. Mu muka gaji birnin, har gadon sarautar mun ci, katakonsa kuwa ba laifi.

Uwar gara ta kai ƙarshen labari, ruwa na ta zuba. Can ta ce, "In damina ta hana mu fita, ni da 'ya'yana mukan zauna mu yi ta da-a-ce. Da an bar layin nan, da Girimaya ba ta watse ba. Ruwanta ba ya yankewa, rumbunanta sun fi na kowa, ƙila da ita ce ta haɗa tsibirin nan duka ƙarƙashin laima ɗaya. Da daular gabas da kake yi wa rawar jiki, ita ce ke aiko jakadu tana neman a dubi asalinta. Kakanninka kuwa, cikin masu gudun yunwar Girimaya suka fito suka kafa Tirtawana. Da ba a tsallake Lastri ba, da yanzu ƙila kana cikin taɓo har gwiwa kana dasa shinkafa, uwarka na kawo maka abinci a gona. Ban sani ba ko da ka fi haka jin daɗi."

Suradipa ya lumshe ido. Ya ga gonar nan a idonsa, kore shar, da wata mace tafe a kan kunya da ƙwarya a ka, ya ji wani irin kewa na abin da bai taɓa samu ba. Amma sarki sarki ne, sai ya nemi mafita.

"Kaka, labarinki ya yi, amma bai hau kaina ba. Uwata ba ta da madatsa, ba ta da dangi masu mashi. Masu dafa gishiri ko hanyar fada ba su sani ba. In na cire layin nan, ba abin da zai same ni."

"Gaskiyarka," in ji uwar gara. "Ba abin da zai same ka. Shi ya sa na fi jin tsoron naka. Jalanidi ya sami wanda ya miƙe ya tambaye shi ko an gama. Kai ba mai tambayarka. Za ka ci riba, jakadu su yaba, ka mutu da girmanka."

"To, ina laifin?"

"Raminmu ya kai har ƙarƙashin ɗakin uwarka. Ɗazu kuyangi suka kai mata labari, suna jira ta yi kuka su sami na faɗa. Ka san abin da ta ce? Ta ce, 'In hakan zai ɗaga shi, a cire. Dama don ya hau na sauke shi daga bayana.' Ta ɗauki tulunta ta tafi ban ruwa."

Maganar ta soki sarki inda bai shirya ba. Da ta yi fushi, da ya sami abin riƙewa. Kunya ta rufe shi, hawaye ya zubo a kan ganyen da ke cinyarsa. Ya ce, "Kaka, na ji, kuma na ɗauka. In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Ya ɗaga kai bai ga kowa ba, sai ɗan tarin jar ƙasa a gindin ginshiƙi. Ruwa ya ɗauke, hasken yamma ya shigo ta ƙofa.

Washegari da hantsi waziri da mai sassaƙa suna tsaye gaban dutsen, an riga an shata layuka da alli. Sarki ya iso ya ce, "Layin nan yana nan. Kuma ba ''yar mai dafa gishiri' kaɗai za a sa ba, da sunanta za a sassaƙa, daidai girman na ubana."

Waziri ya rusuna. "Ranka ya daɗe, jakadun gabas fa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Gandara. In sun karɓe mu yadda muke, madalla. In sun ƙi, hanyar da ta kawo su ba ta toshe ba."

Waziri ya ga babu fuska, ya ja bakinsa. Mai sassaƙa ya ɗauki kurfi da guduma, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane suna zan sa?"

Sarki ya buɗe baki, ya tsaya. Ya dubi waziri, waziri ya dubi ƙasa. Aka ɗauko tsohon ganye aka duba gaba da baya, babu. Aka kira tsofaffin kuyangi, suka ce su dai Uwar Lambu suka sani. Mutum mai shekara arba'in da biyu, mai giwaye da laima, ya tsaya a ƙofar fadarsa bai san sunan wadda ta haife shi ba.

Ya hana kowa bin sa. Ya zagaya bayan fada a ƙafa, ya iske ta sunkuye tana cire ciyawa cikin citta. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba. Ya tuɓe takalmi, ya shiga cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, barka da hantsi."

Ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. "Lafiya, ɗan nan? Yau ba idi ba. Tashi, za ka ɓata kayanka."

"Inna, tambaya na zo yi, ki yafe mini da ban yi ta tun tuni ba. Mene ne sunanki?"

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta tsaya a hanya. Ta goge hannu a zane, ta dubi can wajen da teku yake, ko da yake daga nan ba a hango shi. Leɓunanta suka motsa ba sauti, sai ka ce tana gwadawa ta ji ko yana nan.

"Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba wanda ya tambaye ni," in ji ta. "Ubanka ma 'ke' yake cewa." Ta juyo ta dube shi. "Warsi. Haka uwata ke kirana in na daɗe a bakin ruwa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Warsi."

Tsohuwa ta dafa kafaɗarsa. Ta ce, "Sake faɗa mana, ɗan nan. Kunnena ya yi nauyi, ban ji sosai ba."

Ta ji sarai. Sarki ya sake faɗa.